Motar da Aka Yi wa Dabaibayi

A garin Klaeng da ƙauyukan da ke kewaye da shi, idan bayan motarka ya fara kuka ba mai tsayawa yi maka dogon bayani. Za a nuna maka hanyar da ta ratsa gonakin roba, a ce ka bi ta har ka ga rumfar kwano da tulin tsofaffin aksul a ƙofarta, ka tambayi Samruai. Samari suna ce masa Lung, wato kawu, ko da ba su haɗa komai da shi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa, fara'arsa ma haka. Warin man giyar mota, wanda ya fi kowane mai naci, ya zauna masa a jiki har matarsa Tongbai ta daina saya masa sabulu mai ƙamshi, ta ce asara ce.

Iyayensa masu tsagar roba ne. Shi kuwa tun yana ƙarami ya ƙi jinin sana'ar, ya gudu bakin teku wajen wani tsoho mai gyaran injin jiragen kamun kifi, a can ya san ƙarfe. Da a-kori-kura ta cika ƙasar sai ya dawo gida ya kafa rumfarsa, ya kuma taƙaita kansa. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya, ba ruwansa da fenti. Akwatin giya da giyar baya, nan ya tsaya. Wanda ya kawo masa matsalar fitila da haɓa yake nuna masa hanya.

A cikin ƙoƙon aksul na baya ƙarafa biyu ne ke cizon juna, babba mai kama da faifai da ƙarami mai kama da kan taɓarya, kuma yawan haƙoransu ne ke yanke wa mota halinta. Idan haƙoran faifan sun rinjayi na ƙaramin sosai, gajeriyar giya ke nan. Mota za ta zabura daga tsaye kamar an tsikare ta, ta ja kaya, ta hau tudu, amma da ta miƙe a titi numfashinta ya ƙare, inji ya yi ta ihu gudu bai ƙaru ba. Doguwa kuwa nawa gare ta wajen tashi, sai dai in ta samu miƙaƙƙiyar kwalta ba ta san ta tsaya ba. Samruai yakan gaya wa duk wanda ya zo cewa babu motar da ke da duka biyun, kowa ya zaɓi abin da zai rasa.

Aikinsa ba na gaggawa ba ne. Yakan shafa wa haƙoran wani ƙullu rawaya, ya juya faifan da hannu, ya duba inda ƙarfe ya lashe ƙullun. In tabon ya yi sama ko ya yi gefe sai ya kwance komai, ya ƙara ko ya rage wata 'yar wasa mai sirantar ɓawon albasa, ya sake ɗaurawa. Yakan wuni a kan haka, mai mota yana ta hamma a kan benci. Duk ƙarafan da ya cire kuwa biyu biyu yake ɗaure su da waya ya rataye a ƙusa, don waɗanda suka ci juna tare ba sa karɓar baƙo. Daga inda yake kwance a ƙarƙashin wata motar yana gane wadda ta karyo kwanar gidansa, ya kuma san ko aikinsa ne a bayanta.

Mutane iri biyu ne ke ciyar da shi. Akwai 'yan fili, masu tseren ranar Asabar a gajeren titin da aka killace bayan gari, inda ake son numfashin inji ya ƙare daidai kan layin ƙarshe. Akwai kuma 'yan keji, masu a-kori-kurar da aka yi wa dogon kejin ƙarfe, waɗanda ke kwasar 'ya'yan itacen duriyan da abarba zuwa babbar kasuwar bayan Bangkok. A wajensu wanda ya riga isa shi ke sayarwa da daraja, wanda ya makara ya tarar dillalai sun ƙoshi. Waɗannan doguwa suke nema, kuma Samruai yana sa musu.

Cikin waɗanda ya sa wa har da Prayun, ƙanen Tongbai. Wata rana yana dawowa ba kaya, ruwa ya ɗan taɓa kwalta, sai wata kwana mai babbar bishiya a hanyar gari ta karɓi ransa. Tun daga lokacin ƙyallayen da aka naɗe bishiyar da su suka ƙaru da ɗaya, direbobi suna danna hon in za su wuce, ana ajiye wa matattun wurin kwalaben jan lemo. Tongbai ba ta taɓa ce wa mijinta laifinsa ne ba. Ta dai daina kai masa abinci rumfa na tsawon lokaci, kuma ya fahimta.

Ɗa ɗaya suka haifa, Wirot. Ya tashi da hasken fatar uwarsa da taurin kan ubansa, ya iya juya sitiyari tun ƙafarsa ba ta kai kuloci ba. Makaranta ba ta riƙe shi ba. Da ya isa, ya ce keji zai ja, kuma babu wanda ya yi mamaki. Aka sayo a-kori-kura ta hannu, aka kai ta wat, gidan ibadarsu, babban sufi ya ɗiga mata farin ƙullu a rufi ya yayyafa mata ruwa. Da yamma Tongbai ta shigo rumfa, wurin da ba ta cika shiga ba, ta tsaya a kan mijinta.

"Baban Wirot, ka yi mata dabaibayi."

Ya ce mota ba bauna ba ce.

"Kai ka san yadda ake yi. Ni ban san haƙoranku ba, ban kuma son sani. Na ƙona gawar ƙanena. Ba zan ƙona ɗana ba."

 Washegari Samruai ya sauke ƙoƙon, ya zaɓi mafi gajarta cikin abin da ke rataye, ya ɗaura ta da kulawar da bai taɓa yi wa motar wani ba. Bai ɓoye ba kuma. Ya kira yaron ya gaya masa cewa motar nan za ta ja kowane kaya, za ta hau kowane tudu, amma ba za ta wuce kilomita ɗari da goma a awa ba ko da zai taka totur ya fasa ƙasan motar.

Aka shiga rigimar da ta ɗauki shekaru. A babban titi abokan Wirot sukan wuce shi kamar yana tsaye, su leƙo ta taga suna tambayarsa ko kakarsa ce ta aike shi. Suka sa wa motar suna Kunkuru. Yakan isa kasuwa ya tarar an gama cinikin kirki, ya dawo rai a ɓace, ya jefar da makulli a kan benci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ganin motocin abokan nasa a kan jak ɗin ubansa.

"'Ya'yan kowa ka sake su, Baba. Ni kaɗai ka ɗaure."

"Su ba ni na haife su ba."

Amsa ce mara kyau, kuma Samruai ya san haka. Su ma waɗancan suna da iyaye mata. Amma da sana'ar yake cin abinci, in ya ƙi wani zai sa musu, ya kuma sa ba daidai ba. Da wannan yake lallashin kansa, wani lokacin ya lallasu, wani lokacin ya ƙi.

Wirot bai zauna ba. Ya fara da dabarar da kowane ɗan keji ya sani, ya sa manyan tayoyi a baya don su tsawaita masa tafiya. Uban ya dubi tayoyin, ya jira ranar canjin mai ya ƙara gajarta giyar. Yaron ya zagaya garejin gari yana neman wanda zai canza masa giya ta biyar a cikin akwati. Rabin makanikan a hannun Samruai suka koyi aiki, kuma a ƙasar nan ba a warware abin da malami ya ɗaure, balle wa ɗansa. Kowa ya haɗa tafin hannu ya ba shi haƙuri, ya ba shi ruwan sanyi, ya sallame shi. Daga ƙarshe ya tafi har Chonburi inda ba a san ubansa ba, aka sa masa doguwa.

Samruai yana kwance a ƙarƙashin wata mota ya ji ta karyo kwana. Muryarta ta sauka ƙasa, ga kuma wani siririn kuka na haƙoran da ba a daidaita ba. Bai san wanne ya fi ɓata masa rai ba, rashin biyayyar ko ƙazamin aikin. Kafin ya yanke shawarar abin da zai yi, Tongbai ta riga shi. Ranar lodi na gaba Wirot ya buɗe ƙofa ya tarar da uwarsa zaune a gaba, da kwandon shinkafarta da gasasshiyar kaza da ɗan matashin kai.

"Ina za ki, Inna?"

"Inda za ka. Tunda ta iya gudu yanzu, ai sai mu mutu tare, a huta da hidima biyu."

Ta bi shi Bangkok ta dawo, ta sake bi. Ba ta yi masa faɗa ko sau ɗaya ba. In allurar maleji ta fara hawa sai kawai ta ɗora hannu a kan gwiwarsa ta bar shi a nan. A kasuwa ta zauna a gaban mota tana fifita, tana gaisa da abokansa da sunayen da iyayensu ke kiransu tun suna tsirara. Kunkuru ma ya fi wannan daɗin ji. Kafin duriyan ya ƙare a shekarar, Wirot da kansa ya ɗora motar a kan jak, ya shiga gida. Uban ya cire doguwar, ya ɗaure ƙarafanta da waya, ya rataye a can ƙarshen bango.

Kada a ɗauka duk zamansu faɗa ne. Ranar Asabar a fili wasu mutane ne daban. A can akwai katanga, akwai hular kwano, babu babur da zai faɗo daga lungu, don haka Samruai ba ya hana ɗansa komai. Sukan sauke kejin, uban ya kwanta a kan tabarma a ƙarƙashin motar yana gyara, ɗan yana miƙa masa sifana. Kuma abin dariya, dabaibayin nan shi ne maganin gajeren titi. Kunkuru takan zabura ta bar masu yi mata dariya cikin baƙin hayaƙi, kafin dogayen giyoyinsu su farka ta kai layi. Samruai ba ya tafi, ba ya ihu. Yakan dai juya baya yana goge hannu da tsumma don kada a ga bakinsa.

Haka shekaru suka tafi. Wirot ya yi aure, ya yi tumbi, ya samu dillalan da ke jiransa don kayansa ba sa isa a farfashe. Cikin waɗanda suka sa wa motarsa suna, wasu sun bar sana'ar, wasu kuwa hotunansu ne ke rataye a gidajen iyayensu. Kowace safiyar lodi Tongbai takan rataya sabon furen yasmin a madubin motar don abar bautar da suke kira uwar mota, mai tsaron matafiya, ta bubbuga ƙofa, ta koma ga tukunyarta. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar giya.

Ranar da abin ya faru damina ce, da rana tsaka, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tongbai tana daka barkono a bayan gida sai Samruai ya ji taɓaryar ta yi shiru a tsakiyar daka. Ya tarar da ita a ƙasa, bakinta ya karkace, idonta a buɗe. Aka kira motar agaji, aka ce tana can wani ƙauye ruwa ya tare ta. Wirot yana gida, motarsa ba kaya. Suka sa ta a tsakiya, a wurin da ta zauna shekarun baya, kanta a kafaɗar mijinta.

Da suka hau kwalta Wirot ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ta biyar, allura ta hau ta tsaya inda ta saba tsayawa. Injin ya kama ihu. Samruai yana riƙe da fuskar matarsa, yana jin numfashinta yana sarƙewa, yana kuma jin ihun nan da ya fi kowa sanin ma'anarsa. Sai ya ji bakinsa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa ɗansa a kan titi ba.

"Taka ta, Wirot."

"A ƙasa take, Baba."

"Na ce ka taka."

"Ta ƙure. Ba sauran komai a cikinta."

 Samruai bai ga hanya ba, bai ga ruwa ba, fuskarta kawai yake kallo. Suka isa asibiti tana da sauran rai, kafin la'asar ta cika. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kanta. Samruai ya buɗe baki zai tambaya ko da sun riga haka isowa da ta tashi, sai ya rufe. Ya ji tsoron a ce masa e, ya kuma ji tsoron a ce a'a don a lallashe shi.

Aka yi kwanakin addu'a a wat. Duk yamma kafin sufaye su fara karatu yakan ƙwanƙwasa akwatin gawar, kamar yadda ake yi, ya ce mata ta saurara. 'Yan keji da 'yan fili suka cika harabar da motocinsu, makanikan da ya koyar suna raba ruwa da abinci. Kowa ya ce Lung ya yi ta maza. Ba su san lissafin da yake yi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna haƙora ba ya iya hana kansa aunawa. Ya san nisan asibiti, ya san abin da doguwa za ta ba su, kuma abin da ya rage tsakanin biyun shi ne yake ci masa zuciya yana zaune yana karɓar gaisuwa.

Bayan an ƙona gawarta an kai tokar teku, Wirot ya zo rumfa da safe don a canza masa mai kafin ya koma lodi. Ya tarar uban ya share benci, ya shimfiɗa farin tsumma, ga doguwar giyar nan ta Chonburi a kai an wanke ta da fetur tana ƙyalli. An kwance wayar.

"Ɗora motar a jak," in ji Samruai. "Kwance ta zan yi. Wannan karon ni zan daidaita maka, ba za ta yi kuka ba."

Wirot ya tambaye shi dalili.

"Wadda ta ce a ɗaure ba ta nan. Kuma ni na ce maka ka taka, ka ce ta ƙure. Ba ranar da ba na jin maganar nan. Da hannuna na ɗaure motar da za ta kai ta asibiti."

Wirot ya daɗe yana kallon ƙarafan. Shekaru ya yi yana son wannan ranar, ga ta ta zo ba daɗin komai a cikinta. Ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Baba, ranar nan ka ga lokacin da muka wuce kwanar Kawu Prayun?"

Samruai ya girgiza kai.

"Ni ma ban gani ba sai da muka shige ta. Ban ɗaga ƙafa ba, ban danna hon ba, ban ma tuna akwai kwana a duniya ba. Bayan motar ya zame, na ji shi a ƙuguna. Taya ta hau ciyawa, na ga kwalaben nan dab da taga, sannan ta dawo kan kwalta. Da ɗari da goma ke nan." Ya nuna benci da haɓa, irin yadda uban ke yi. "Da waccan ce a ciki, duk abin da take da shi zan ba ta. Ko ba ka ce in taka ba zan taka, Inna ce fa. Da akwati uku aka jera a wat, Baba, ba mai ƙwanƙwasa wa wani."

Ruwan da ya kwana a kan kwano yana ɗiga a bakin rumfa. Samruai ya tsaya da tsumma a hannu. Maganar ba ta dawo masa da matarsa ba, ba ta kuma amsa tambayar da ya ƙi yi wa likita ba, wannan zai tafi da ita har nasa akwatin. Amma ga ɗan nan zaune a kan taya, da tumbinsa da furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne, kuma abin da Tongbai ta roƙa ke nan tun farko, ba ta roƙi wani abu ba.

"Ka bar ta yadda Inna ta bar ta," in ji Wirot. "Mai kawai na zo canzawa."

Samruai ya ɗauki wayar ya sake haɗa ƙarafan biyu, ya murɗe ta da filaya, ya mayar da su ƙusarsu ta ƙarshen bango. Ya jawo tabarma ya shige ƙarƙashin motar. Noti ɗaya ne ake kwancewa a zubar da man giya, aikin da yake yi ido a rufe, amma ranar ya daɗe a can, don a nan ne ya yi kukan da bai yi a wat ba. Wirot ya ji shi, bai leƙa ba. Ya tashi ya buɗe gaban mota, ya cire busasshen furen da uwarsa ta rataya na ƙarshe ya sa a aljihu, ya ɗaura sabon da ya sayo a hanya. Bai iya ƙullin ba, furen ya karkace. Sannan ya dawo ya tsuguna a gefen taya da sifana a hannu, yana jiran uban ya miƙo nasa.